Gurbin Iyayen Kifi

Ran kasuwar da ta wuce wani saurayi ya sauke mini kwandon banda a bakin rumfata, ya ce daga wajen Bungudu ya taho da shi. Kifin ya yi kyau a ido, ya sha hayaƙi daidai, bai ƙone ba, bai kuma yi ɗanye ba. Na ɗauki ɗaya na karya, na kai hanci. Can ƙarƙashin ƙamshin hayaƙin na ji wani ɗaci-ɗaci da ba na itace ba. Sai na karkata kwandon na duba gindinsa: manya da ƙanana a cakuɗe, har da waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Taru yana zaɓen kifi, homa tana zaɓe, maganin da ake zuba wa ruwa ne kaɗai ba ya zaɓe. Na ce masa ya ɗauki kayansa ya kai gaba. Ya tafi yana gunaguni, wai tsofaffin Gusau sun cika fi'ili. Ban ji haushinsa ba. Sai dai warin nan ya ƙi barin hancina har la'asar, ya kuma mayar da ni bakin wani rafi da na bari tun kafin jirgin ƙasa ya iso garin nan.

Ƙauyenmu yana kudu da 'Yankuzo, a ƙasar Tsafe, inda duwatsu suke fara haɗuwa da daji. A lokacin da nake ba ka labari an ce Nasara sun karɓi ƙasa, amma ni dai ban taɓa sa ɗayansu a ido ba, labarinsu kawai fatake suke kawo mana. Bayan gonakinmu akwai kurmi, a cikin kurmin kuma rafi ne yake gangarowa daga duwatsu ya nufi babban gulbi. Da damina ba mai iya ƙetare shi. Da zarar gero ya nuna, ruwan sama ya ɗauke, sai ya fara ja da baya, ya yayyanke ya zama gurabe, wani a nan wani a can, da yashi a tsakaninsu. Na can sama, wanda yake gindin wani dutse baƙi, giyayya da kanya sun rufe shi da inuwa, shi ake kira gurbin iyaye. Ana su, wato kamun kifi, a dukkan sauran, shi kam ba a taɓa jefa homa a cikinsa ba. A nan manyan kifi suke cin rani, in ruwan farko ya zo su fita su cika rafin da 'ya'ya.

Kula da ruwan nan a gidanmu yake, gado ne. Kakana ne yake riƙe da shi, muna ce masa Baba Tsoho. Aikinsa ba kamun kifi ba ne, ko da yake ya iya. Shi ne yake ɗaure ruwa, shi ne kuma yake kwance shi. Da kaka ta yi, yakan ƙulla kaba a kan sanda ya kafa a bakin kowane gurbi. Daga ranar, ko fatsa ba mai jefawa. Sai can da bazara, in rumbuna sun fara yin ƙasa, ya je ya kwance ƙullin, Maigari ya sa a yi shela, jama'a su fito su. Tsakanin ɗaurewa da kwancewa kuwa, kullum sassafe yana bakin rafi yana dubawa.

Na ce yana dubawa, amma sanda na yi wayo idonsa ya riga ya tafi. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, har ya zama hasken rana kaɗai yake bambancewa da duhu. Mahaifina ya rasu ina goye, ƙanensa kuma, wanda muke kira Baba Ƙarami, noma ya sa gaba, bai da haƙurin zaman bakin ruwa. Don haka sandar ta faɗo hannuna. Ni nake riƙe gabanta, shi yana riƙe da bayanta, mu bi ta cikin karan dawa raɓa tana jiƙa mana ƙafa.

Kakata takan tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Angona, kar ka bari tsohon ga ya jefa mini kai ruwa."

Shi kuma ya ce, "Ki bar ni da ɓarawon mata. Ran da na tura shi ga kada na huta."

Babu kada a rafin, na sani, amma kullum sai na ɗan matsa nesa da gaɓa, shi kuma yana jin sandar ta karkata sai ya fashe da dariya.

In mun isa, ba ya fara tambayata komai. Tsayawa yake yi ya saurara. Ya san ƙarar tarwaɗa in ta taso ta haɗiyi iska ta koma, ya ce wannan al'adarta ce, ba ta nuna komai. Ya san motsin 'yan kawara in babba ya koro su. Daga nan ya tsuguna ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya shinshina, ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya, ya tofar. Ya tura hannu cikin laka ya murza ta a yatsu. Sai bayan ya gama nasa duka zai juyo wajena.

"To, mai ido. Mi kag gani?"

Da farko nakan ce, "Ruwa yana nan lafiya, Baba." Sai ya ɗaga sandar ya ɗan ƙwanƙwasa mini ƙwauri.

"Ban tambaye ka lahiya tai ba. Mi kag gani?"

A haka na koyi magana. Na koyi in ce ruwan jiya kamar kunun kanwa yake, yau ya koma kamar jiƙon tsamiya. In ce tabon da ruwa ya bari a jikin dutse ya ƙaru da faɗin yatsa. In ce gansakuka ta fara kama gefen yamma, ganyen kanya ya zuba ya rufe kusurwa, zalɓe ya bar gurbin ƙasa ya koma na tsakiya. Wani lokaci yakan sa in kamo kifi ɗaya da hannu a bakin gaɓa, ya buɗe masa kunne da babban yatsa ya ce in faɗa masa launin da ke ciki. In ja ne kamar tsagin goro, sai ya gyaɗa kai. In ya yi fari-fari, sai ya girgiza kai. Bayan haka ya shafa cikin kifin ya ji ko ya tara kitse, ya sake shi ya tafi. Bai taɓa yarda in haɗa abin da na gani da abin da nake zato ba. Ya ce gani nawa ne, hukunci nasa ne, in na cakuɗa su na makantar da shi sau biyu.

Akwai wani aiki da na fi so a cikin kaka. Ruwa in yana janyewa yakan bar ƙananan kududdufai a cikin ciyawa, cike da 'ya'yan kifi da suka makara ba su bi uwar ruwa ba. Kwana kaɗan rana za ta shanye su, balbelu su yi biki. Mukan bi su da ƙwarya, ina kwasa yana riƙe, mu kai su gurbi mu juye. Mutane masu wucewa gona sukan yi mana ba'a, wai gidan mai ruwa kaɗai ne ake ɗaukar kifi daga tudu a kai shi rafi. Baba Tsoho yakan ce musu su riƙe dariyarsu, da bazara za su zo su ci ta da tuwo.

Haka muka yi kaka biyu ko uku lafiya. Sai shekarar da damina ta gaza.

Wanda bai ga irin shekarar nan ba, ba na yi masa fatan ya gani. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke gero yana bununi. Dawa ta tsaya iya ƙugu ta bushe a tsaye. Lokacin da ya kamata a ji sussuka da waƙar mata a masussuka, gari tsit, sai kukan yara. Kakata ta fara haɗa dusa da garin kuka da ganyen tafasa tana kira shi tuwo. Mata suna shiga fadama suna tonon bado. Kaka ce, amma ta yi kama da ƙarshen bazara, kowa kuma ya san ainihin bazarar tana gaba.

Rafin ma bai cika ba balle ya yi ambaliya. Tun ba a gama yankan abin da ya samu na gero ba ya yayyanke. Baba Tsoho ya kafa ƙullin kabarsa kamar kullum, amma a wannan karon ba wanda ya yi masa ba'a. Kallonmu kawai ake yi in mun wuce, kallon da ya fi zagi nauyi. Ga nama a cikin ruwa, ga yunwa a cikin gida, ga makaho ya tsaya a tsakani.

Wata safiya a gurbin ƙasa, tun kafin in buɗe baki ya riƙe mini hannu. Wata ƙara ce ƙasa-ƙasa, kamar ana tsotsar ƙashi, ta ko'ina a kan ruwan.

"Wane kihi na?"

"Karfasa ce, Baba. Duk sun taso, bakinsu a sama."

Ya kurɓi ruwan ya tofar da sauri. Ya ce ganyen da ya zuba ya ruɓe a ciki, ruwan ya yi kaɗan ya ɗauke shi, numfashin kifi ya fara ƙarewa. Tarwaɗa za ta jure, gaiwa za ta shige laka ta kwanta, amma karfasa da kawara ba za su kai sanyi ba. Muka bi sauran guraben ƙasa, duk labarin ɗaya. A gurbin iyaye kaɗai muka tarar da shiru, ko da yake shi ma ya ja baya fiye da yadda na taɓa gani, har saiwoyin giyayya sun fito fili kamar haƙarƙari.

Da muka koma gida sai muka ji daka a bayan ɗaki, daka kuwa a shekarar nan abin a leƙa ne. Baba Ƙarami ne da kansa riƙe da taɓarya, ya cika turmi da ganyen magimfa. Ka san ta, ita ce ake dakawa a zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso ciki sama, babba da ƙarami. Warin nan mai ɗaci ya cika gidan. Baba Tsoho ya tsaya cak.

"Wa ad da turmin ga?"

"Ni na, Baba."

"Ina za ka kai ta?"

"Gurbin sama. Na ƙasa ba su da komi sai ƙaya. Nama na can sama, kai ma ka sani."

Ina so ka fahimce ni a nan, don na ga mutane da yawa a kasuwa, na san mugu in na gan shi. Baba Ƙarami ba mugu ba ne. Yana da 'ya'ya ƙanana, matarsa tana shayarwa nono ya ƙafe. Ba shi kaɗai ba ne kuma, magidanta da dama suna bayansa, shi dai aka sa gaba don ɗan gidan ne. Hujjarsa ma ba ta banza ba ce. Abin da yake riƙe gurbin iyaye da rani wani idon ruwa ne da ke tsattsafowa a ƙarƙashin baƙin dutsen. Baba Ƙarami ya ce a shekara irin wannan idon ya mutu, gurbin zai ƙafe ko an taɓa ko ba a taɓa ba, iyayen kifin su ruɓe a laka ungulu su cinye. In haka ne, gara mutane su ci.

Baba Tsoho bai yi faɗa ba. Ya ce, "In idon ya mutu, kai ad da gaskiya, ni da kaina zan riƙa maka ƙwarya. In yana da rai, ka kashe rahin ga har ɗiyanka su yi jikoki. Aje taɓarya. Gobe mu tai mu tambayi ruwa."

Washegari da hantsi aka hallara a gindin dutsen: Maigari, da magidanta, da wani dattijon Bafillace da rugarsu take gefen kurmi, wanda shanunsa suke sha a wuriya, wato ramin ruwa da aka haƙa a yashi, ƙasa da gurbin. An kawo magimfar a cikin masakai an jera a inuwa, a rufe da ganye. Yadda ake gane idon ruwa ba wuya: mutum ya shiga har gindin dutse, ya tura ƙafa cikin wata tsaga da ke can ƙasa. In idon yana da rai, zai ji sanyi yana tasowa daban da ɗumin sauran ruwan. Baba Tsoho ya yi shekaru yana yin haka, amma gangaren yana da santsi, ƙafafunsa kuma sun daina yi masa biyayya. Ya juyo da fuskarsa inda nake.

"Mai ido, yau ƙahwa za ka ara mini."

Na tuɓe na shiga. Ruwan ɗumi ne kamar wanda aka bari a rana, laka tana kama ni har gwiwa, wani abu mai santsi ya goge ni a cinya ya wuce, babba ne ƙwarai. Ba zan ɓoye maka ba, da na ji girman kifin nan sai da yawu ya taru a bakina. Rabona da abin da ya taɓa wuta ban da ganye har na manta. Na san kalma ɗaya zan faɗa yau a kwana da romo a kowane gida, a kuma daina yi mana wannan kallo. Ruwa ya kawo mini wuya sanda na dafa dutsen. Na laluba da yatsun ƙafa har na sami tsagar, na tura.

Da farko ban ji komai ba. Na tsaya, na daina motsi kamar yadda yake yi in yana saurare. Can sai na ji shi. Siriri ne kamar zaren da kakata take kaɗawa, yana zagaye mini idon sawu, sanyi kamar ruwan sabuwar randa.

"Mi kaj ji?" in ji Baba Tsoho daga gaɓa.

"Sanyi, Baba. Ɗan kaɗan. Kamar zare."

Aka yi ta guna-guni. Wani ya ce me yaro ya sani. Baba Ƙarami ya ce, "Jikanka na, Baba. Abin da kaka so shi za ya hwaɗi. Ko wuta yaj ji, sanyi za ya ce."

Na ji maganar har cikin raina, don na san abin da na bari kafin in faɗi abin da na faɗa. Amma Baba Tsoho ko gezau. Ya ce, "Gaskiya taka. To kai ɗana na, kuma abin da ba ni so shi kaka so. Shiga ka ji da ƙahwakka. Abin da kac ce, shi za a yi."

Maigari ya ce, "Mai ruwa, ka san abin da kaka hwaɗi?" Ya ce ya sani. Ni kaina sai da na tsorata, don ya ɗauki gadon gidanmu kacokan ya damƙa a hannun mutumin da ya kwana yana dakan magimfa. Daga baya, da na daɗe ina ciniki da mutane, na gane ba ganganci ya yi ba. Ya san ɗansa. Ya san in an rinjaye shi da baki, zai koma da masakinsa wata rana ba da sanin kowa ba. Ya kuma san bai iya ƙarya ba tun yana yaro.

Baba Ƙarami ya ɗaure wandonsa ya shiga. Ya isa gindin dutsen, na nuna masa tsagar, ya tura ƙafa. Ina kusa da shi, ina kallon fuskarsa. Na ga lokacin da sanyin ya taɓa shi, don idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya daɗe a tsaye, har Bafillacen nan ya ce, "Ko ka yi barci na, ɗan mai ruwa?" Ba wanda ya yi dariya. Sannan ya fito, ruwa yana zuba daga jikinsa, bai kalli kowa ba. Ya ɗauki masaki ɗaya ya ɗora a ka, ya hau tudu da shi, can nesa inda ko ruwan sama ba zai gangaro da shi ba, ya kife. Ya dawo ya ɗauki na biyu. Sai sauran magidanta suka tashi suka taya shi.

Kafin su gama, Baba Tsoho ya ce in ja shi zuwa guraben ƙasa. A gaban kowa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwance ƙullin kaba, abin da ba a taɓa yi da kaka ba tun kakanninsa. Ya ce wa Maigari kifin da ke cikinsu ya riga ya zama na mutuwa, a kwashe shi tun yana da kitse, kada a jira al'ada ta ruɓar da shi. Amma ya kafa sharaɗi. Kada a ci a ƙoshi. A ci kaɗan, a yi bandar sauran a adana. Samari kuma su shiga gurbin iyaye su kwashe ruɓaɓɓen ganye da kwanduna, a datse gefensa da ƙaya. Bafillacen ya ce shi zai hana shanu taka bakin gurbin, in dai za a taya shi haƙa sabuwar wuriya a yashi. Aka yi haka.

An yi kwanaki ana su. Ban taɓa ganin su irin wannan ba, babu kiɗa, babu kirari, mutane ramammu suna jan homa a laka. Amma hayaƙi ya tashi a kowane gida. Kakata ta jera kifi a kan ragaya tana juya shi, tana koya mini yadda ake gane wanda ya bushe har ciki da wanda zai yi tsutsa. Sana'ar da nake ci har yau a gindin murhun nan na fara ta.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Kifin bai kai mu damina ba. Ranin ya yi tsawo, an yi rashe-rashe, gidaje da dama sun watse. Baba Ƙarami ya kwashi iyalinsa ya tafi cin rani Bungudu, bakin babban gulbi, jaririyar da ake shayarwa kuma ba ta dawo ba. Da shi da mahaifinsa ba su taɓa tayar da maganar a gabana ba. Na sha tambayar kaina ko kifin gurbin sama zai iya tsayar da ita. Ban sani ba, ba kuma zan yi maka ƙaryar na sani ba. Abin da na sani shi ne duk tsawon ranin nan muna zuwa kullum, gurbin yana ƙanƙancewa har ya koma kamar faɗin zaure, kifi a cunkushe baya na gogar baya, ni kuma ina shiga ina tura ƙafa a tsaga. Zaren nan bai tsinke ba ko sau ɗaya. Ba kuma wanda ya taɓa ƙullin kabar, har waɗanda suka binne 'ya'yansu.

Ranar da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a duwatsu, da gari ya waye na ja shi muka tafi. Rafin ya haɗe, ja wur, yana ɗauke da kara da kumfa. A cikin ciyawar fadama, inda ruwa bai wuce idon sawu ba, tarwaɗa ce take ta watsal-watsal, manya-manya, sun fito neman wurin zuba ƙwai. Ya tsaya yana saurare, ruwa yana bin ƙafafunsa. Na jira ya tambaye ni abin da na gani. Bai tambaya ba.

"Riƙe idonka yau, ɓarawon mata," in ji shi. "Wanga ni ma ina ganinai."

A shekarar nan, ƙauyukan da suka zuba wa gurabensu magimfa sun ga ruwa amma ba su ga kifi ba. Da kaka ta zagayo sai ga mutanensu da tuluna a ka, suna roƙon iri. Baba Tsoho ya sa na bi kududdufai da su ina kwasar musu 'ya'yan kifi. Wanda ya fi kowa ɗaukar tulu a aikin nan Baba Ƙarami ne, da ya dawo noma. Shi ya karɓi kabar bayan rasuwar tsohon, ya kuma fi shi tsanani.

Ni ban zauna ba. Na fara da kai bandar kakata kasuwar Tsafe a ka, na koma jaki, na dawo Gusau sanda gyaɗa da auduga suka fara tara mutane, na kama rumfa, na yi gida a Tudun Wada. Ba wanda ya ba ni jari. Abin da na zo da shi daga ƙauye shi ne in duba kaya da kaina kowace safiya, in faɗi abin da na gani ko da ba shi nake so ba, in san abin da zai lalace in sake shi da wuri, in kuma san abin da ba na sayarwa ba ne ko ana yunwa. Abokan ciniki sun ce ina da taurin kai. Amma in sun yi gardama a kan kaya, ni suke kira in duba.

Bara da kaka na je ƙauyen gaisuwar rasuwa, na ce wani jikan Baba Ƙarami ya raka ni rafi. An sare kurmin an yi gonaki har gaɓa. Giyayya ɗaya ta rage, ita ma an yi mata aski. Ba mai ƙulla kaba yanzu; yaron bai ma taɓa jin labarinta ba. Ya ce in ruwa ya janye, maganin ƙwarin auduga ake zubawa a guraben, a kwashe a yini ɗaya. Gurbin iyaye kuwa yashi ya cike shi, har akuya tana tafiya a kai.

Na tuɓe takalmi na gangara gindin baƙin dutsen, ina dafa kafaɗar yaron kamar yadda Baba Tsoho yakan dafa tawa a gangare. Na sa ya tona yashin da hannu daidai inda na nuna, har ya kai tsawon kamu. Na zura ƙafa na tsaya shiru. Sannan na cire na ce ya sa tasa.

"Mi kaj ji?"

Ya dube ni yana neman amsar da nake so a fuskata. Na kau da kai.

"Sanyi, Alhaji," in ji shi. "Ɗan kaɗan."

Na ce ya je ya faɗa wa ubansa haka, kada ya ƙara komai, kada ya rage. Ni kuma na zauna a kan dutsen, na ciro kabar da na tsinko a hanya, ina gwada ko yatsuna sun tuna ƙullin.